Firjin Baba Haruna na Ƙofa

Ran kasuwar Kankia da ta wuce wasu samari suka tsaya a ƙofar shagona suna kallo ina kwance wata inbata, injin da ke juya wutar sola. Ɗayansu ya ce yana son in koya masa aikin sola, amma kada abin ya ja lokaci, don ya riga ya ga yadda ake yi a waya. "Ai ja da baƙi ne kawai, Oga," in ji shi. "Jar waya ga ja, baƙa ga baƙi, shi ke nan wuta ta kawo." Na ce masa to. Ni haka Allah ya yi ni, amsata ba ta isowa sai mai tambaya ya kai gida. Shi ya sa na zauna na rubuta muku ita, ku da ire-irenku, tunda a takarda ba mai katse ni.

Ni ɗan makaranta ne kafin in zama mai gyara. Na karanta lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha, kuma har na gama ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, ko da na san amsar. Da na dawo gida aikin ofis bai samu ba, mahaifina ya kai ni wurin Oga Sule mai gyaran rediyo, wanda a lokacin ya fara karɓar kayan sola. Da takardar shaidata a ƙarƙashin katifa na zauna a benci ina feƙe bakin waya. Kayan aikinmu ba su da yawa: ƙarfen narka dalma wanda muke ɗorawa a kan gawayi idan babu wuta, fulaya, sukundireba iri-iri, tsohon buroshin haƙori na goge allon cikin inji, da mita mai fasasshen gilashi da aka ɗaure da roba. Sai hanci. Kafin ka buɗe inbata ka shinshina ta, don ƙonannen transisto da ƙonannen kwayil ba warinsu ɗaya ba.

Inbatar farko da aka bar ni in buɗe ni kaɗai ta wani mai kyamis ce daga Kusada. Na cire ta daga batir, na duba sau biyu, na sake dubawa, sannan na sa hannu. Akwai wani abu a ciki mai kama da gwangwanin tumatir, kwandensa, wanda ke riƙe wuta a cikinsa ko bayan an kashe komai. Na san wannan, na ma taɓa cin makinsa a jarrabawa. Na dai tsinci kaina a ƙasa, benci a kaina. Oga Sule bai ɗago daga rediyon da yake gyarawa ba, ya ce, "Lawal, ta gaishe ka. Gobe kai za ka fara gaishe ta."

Masu kawo gyara kuwa duk bakinsu ɗaya: ba abin da aka yi mata, haka kawai ta mutu. Sai ka yi ta bi a hankali kafin ka ji an jona dutsen guga ranar suna. Na ciro gasasshen ƙadangare daga cikin inbata. Na fasa gidan zanzaro da aka gina a kan fankar sanyaya ta. Mutum mai baki yakan tambaya kai tsaye ya huta. Ni nauyin tambayar nake ji, sai in ɓata yini ina auna abin da kalma ɗaya za ta warware.

Mummunar shekararmu ita ce wadda jabun kaya suka cika kasuwa. Transisto ya zo da lambarsa daidai, da sheƙinsa, ka sa shi ya yi aiki a gabanka, a kai shi gida ya yi hayaƙi. Duk abin da na gyara a farkon shekarar ya dawo mini. Batura ma haka, ka ɗauka da nauyi kamar na kirki, kafin damina ta fita sun mutu. Na koma bi ta bayan layi idan zan je masallaci. Mutane da yawa suka haƙura da batir gaba ɗaya, muka koma haɗa musu abin da zai yi aiki da rana kawai, kai tsaye daga farantin sola.

A kakar wannan shekarar ne Kabiru, wani ɗan acaɓa sa'ana da ke aiki a Kusada, ya zo ya ɗauke ni zuwa Ƙofa don in duba firjin mahaifinsa. Baba Haruna tsohon manomi ne mai ciwon suga, ciwon ya riga ya taɓa masa ido. Da allura yake rayuwa, ita kuwa allurar a 'yan kwalabe take zuwa, kuma idan zafi ya dafa ta ta zama ruwan banza. Saboda ita kaɗai 'ya'yansa suka haɗu suka sa masa sola. Firjin yana ɗakinsa da ke jikin zaure. Da rana yana daskarar da gorunan ruwa a sama, su kuma su riƙe sanyi har gari ya waye, maganin yana ƙasa inda ba zai daskare ba. Farantan suna cikin gida, a jere a kan rufin wata gajeriyar rumfa. Matsalar ita ce da hantsi firjin yake tsayawa, daidai lokacin da ya kamata ya fi ƙarfi.

Na sa mita a bakin wayoyin da suka shigo ɗakin. Turin wutar, wato abin da mita ke nunawa da bolt, ya faɗi ƙasa da abin da inbata ke buƙata kafin ta tashi. Na tambayi Kabiru ko akwai itace ko bango da ke yi wa farantan inuwa.

"Inuwar mi, Injiniya?" ya ce. "Tsakar gidanmu ko kaza sai ta nemi inda za ta laɓe."

Na ce ina son in gan su. Baba Haruna ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya: "Ku kimtsa, mai gyara zai shigo!" Aka shimfiɗa mini tabarma. Na zauna ina jin ƙarar tsintsiya da kwanuka har ƙafata ta yi sanyi. Da aka ce bismillah na shiga kaina a ƙasa. Tsakar gida fes, mata sun shige ɗakuna, farantai suna ƙyalli har da alamar an goge su da jiƙaƙƙen tsumma. Na auna kowanne, lafiyarsa lau. Na fito na tarar firji yana ta gurnani.

"Ka gani ko?" in ji Baba Haruna. "Firjin nan tsoronka yake ji. Da za ka tare a gidan nan da mun huta."

Haka muka yi ta yi. In zo in samu turi ya faɗi, in nemi shiga, in jira, in shiga in ga komai daidai. Na ɗaure kowace kusa. Na canja wayoyin da suka ratsa bango. Na zargi ɓeraye, na zargi inbatar, na kai ta shago na kwance ta gaba ɗaya ban sami komai ba. Daga ƙarshe na tsaya a kan abin da littafi ya ce, cewa faranti idan ya yi zafi sosai turinsa yana raguwa, kuma kun san zafin kaka. Na ce wa kaina gogewar da ake yi da ruwa ce ke sanyaya su. Bayanin ya yi mini kyau ƙwarai, har na ji ina son in faɗa wa wani.

Yanzu ku saurara, ga wurin da ba ja da baƙi ba. Wutar faranti hanya ɗaya take bi, kamar ruwa a kwata. Firji kuwa yana son wuta mai kai da komo, irin ta layin gwamnati. Aikin inbata shi ne juya wannan zuwa waccan. Tana yi da transisto, waɗanda za ku iya ɗauka a matsayin ƙananan ƙofofi masu buɗewa da rufewa da saurin da ido ba ya gani. Biyu-biyu suke, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Dokar farko a sana'ar nan ita ce kada ta sama da ta ƙasa su taɓa buɗewa tare. Idan suka yi, wuta ta sami gajeriyar hanya, sai ta bar firji ta bi ta cikinsu ta ƙone su.

Amma a shekarata ta ƙarshe a makaranta na ci karo da wata irin inbata a ɗakin karatu, wadda ake kira Zed-sos. Ana sa kwayil biyu, wato naɗin waya, da kwandensa biyu tsakanin faranti da ƙofofin, a gicciye kamar buɗaɗɗen almakashi. Da wannan a wurin, sai a buɗe ƙofofin biyu tare da gangan, na ɗan ƙiftawar da ba ta kai ƙiftawa ba. Kwayil ba ya barin wuta ta kwararo gaba ɗaya, shanye ta yake yi, idan ƙofa ta rufe kuma ya amayo ta a kan wadda ke zuwa daga faranti. Kamar mai ban ruwa a lambu ne da ya toshe kwata da ƙafarsa ya bari ruwa ya taru, sannan ya saki ya tafi da ƙarfi. Da haka raunannen turi yake ɗaguwa, inji ɗaya ya ɗaga wuta kuma ya juya ta. Littafin ya ce ana amfani da ita a injinan iska, da famfunan rijiyar burtsatse, da motoci masu tafiya da lantarki. Ni a lokacin ko keke mai lantarki ban taɓa gani ba, amma na haddace zanen kamar wanda za a tambaya a kabari.

Da na gaya wa Oga Sule abin da zan haɗa, ya cire tabarau ya dube ni. "Wato abin da na yi ta bugun hannunka a kai, shi za ka yi da gangan?"

Na ce e, amma na ɗan lokaci kaɗan.

"Gobara ma da ɗan lokaci kaɗan take farawa. Ka yi a waje, kusa da randa."

Kwayil ɗin da hannuna na naɗa su. Na samo zoben baƙin ƙarfe daga matattun injina, na ja wayar jan ƙarfe ina zagayawa har yatsuna suka yi kanta, idan zagaye ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa in warware in sake. Kwandensa na ciro daga tsofaffin inbatoci na zamanin kayan kirki, transisto ma haka, don na daina yarda da sababbi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ɗan guntun da ke ba ƙofofin umarni, wanda sai da na ari kwamfuta na tsara masa lokaci. Gwajin farko ya yi hayaƙi. Na biyu ya yi ƙara kamar bindigar toka, mai shayin da ke gefenmu ya zubar da madara. A wani gwajin can gaba na ba ta raunannen turi, allurar mita ta hau ta tsaya cak inda nake so. Na waiga in ga ko wani ya gani. Oga Sule ya tafi salla.

Na kai ta Ƙofa a cikin akwatin katako, a kan cinyata, a bayan babur ɗin Kabiru. Na jona ta da hantsi, lokacin da turi ya faɗi, ban ko nemi shiga cikin gida ba. Firji ya tashi. Baba Haruna ya lalubo kaina ya shafa, ya sa mini albarka, aka shiga aka gaya wa mata cewa yaron ya gama gyara, yanzu ba abin da zai ƙara tsayar da shi. A hanyar dawowa Kabiru ya yi ta gaya wa duk wanda muka wuce cewa ya ɗauko bature. Kwanakin nan na daina bi ta bayan layi.

Ba a daɗe ba Kabiru ya zo shago ba wasa a fuskarsa. Firji ya sake tsayawa, wannan karon yini guda-guda. Gorunan ruwa sun narke, maganin ya sha zafi ba wanda ya lura, Baba ya yi ta yin allurar da ba ta aiki har jikinsa ya rikice aka kawo shi asibiti a Kankia. Na je na gaishe shi. Na tsaya a bakin gado na yi masa sannu. Shi ne ma ya ce, "Lawali, kada ka sa wa ranka. Inji ne, shi ma yana gajiya."

Ranar da aka sallame shi na bi su Ƙofa. Kabiru ya sayo sababbin kwalabe, suna cikin kular sanyi tare da ƙanƙarar da ba za ta wuce yinin ba. Na sa mita. Wannan karon ba turi kaɗai ya faɗi ba, wutar ce babu. Ku riƙe wannan: almakashina yana ɗaga turi, amma ba ya ƙirƙirar wuta. Ko ka toshe kwata yini guda, idan rijiya ba ta ba da ruwa ba, ba abin da zai taru. Na zauna a zaure da mita a hannu, ban san abin da zan ƙara aunawa ba.

Ana cikin haka aka kawo abinci, tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Inna Mairo, matar Baba, ita ta kawo da kanta, don ta manyanta, tana fitowa zaure ta gaisa da baƙi. Ta tsaya daga bakin ƙofa tana yi mini sannu da ɗawainiya. Na ga ya kamata in ce wani abu, na yi ta nema, sai na ce miyar ta yi daɗi, ko ƙwayar yashi babu.

"Ai albarkacinka ne, ɗan nan," ta ce. "Tunda aka kawo gilasan nan muka huta. Ba yashi, ba akuya, ba kaza. A da guda biyu muke shanya a kai, muna tsoron kada mu ɓata. Da aka ce ka gyara ba abin da zai ƙara samunshi, sai muka baza ko'ina. Har barkonon maƙwabta muna karɓa."

Sai a lokacin na gane. Kabiru yana fita tun asuba, ba ya dawowa sai an kwashe shanya. Baba ba ya gani sosai. Ni kuwa ba na shiga sai an share mini hanya. Da ni kaɗai abin ya shafa, da na ce to, na gode, na koma Kankia na ƙara naɗa kwayil. Amma ga kula a gefena, ƙanƙara tana narkewa.

Na kafa wa bango ido na fara bayani. Na yi maganar haske, da ƙananan gidajen da ke cikin faranti, da yadda farantan suke a jere kamar masu miƙa wa juna bokiti, idan ɗaya ya tsaya sauran su wahala. Na yi ta yi, muryata tana ƙara shigewa ciki. Inna Mairo ta dubi mijinta.

"Malam, mi yake cewa?"

"Cewa yake kuɓewarki ce ta kai ni asibiti."

Ta yi salati ta dafe ƙirji. Kabiru ya kwashe da dariya, ta juya ta ce ya rufe mata baki, shi da ko ranar Juma'a ba ya yini a gida. Sannan ta dawo kaina.

"Yo ba zafi yake ci ba? Ai ko da shanya a kai, in ka taɓa shi kamar tanda."

Na ce haske yake ci, Inna.

"To kai da kake ta zarya, ba ka taɓa gani ba?"

Na ce duk sanda na shiga a share nake samunsu.

"Ikon Allah! Ana tarbar baƙo da shanya a tsakar gida? Sai ka ce gidan da ba manya."

Ba ta jira amsa ba ta shige. Ba a ce a kimtsa ba, ba a ɗauki tsintsiya ba. Muna zaune muka ji tana kiran surukanta, muka ji busasshiyar kuɓewa tana zuba a faifai, shaa, shaa. Ina riƙe da mita allurar ta fara hawa. Firji ya yi tari ɗaya ya kama gurnani. Na jira har bangon cikinsa ya yi sanyi a bayan hannuna, sannan na jera kwalaben a ƙasa da kaina.

Da za mu tafi Inna ta sake fitowa. Ta ce ta ji, haske yake ci, ba za a ƙara ba. "Amma awakin hwa, ɗan nan? Kai da ka yi karatu."

A bayan shagonmu akwai matattun farantai da ƙanƙarar sama ta fasa wa gefe. Na kai wa kafinta ya yi musu dogayen ƙafafu, na sa raga a kewaye, suka zama gadon shanya, Kabiru ya kai mata. Maganin Baba Haruna bai sake ɗumi ba. Inbatar almakashi ma ba ta tashi a banza ba, da damina ta zo hadari yana rufe rana ita ta riƙe firjin, kuma daga baya na haɗa irinta ga famfon wata rijiya a Dudunni. Sai dai a Ƙofa ba wanda ya taɓa neman in yi masa irinta. Gadon shanya kuwa har layi aka yi.

Da kaka ta zagayo Kabiru ya kawo mini saƙon Inna, wai sabon gadon ba ya busar da kuɓewa da sauri kamar na da, in zo in duba. Na je. Aka ce a kimtsa, na ce a'a, don Allah a bar komai yadda yake, wannan karon da ƙarfi na faɗa har ni kaina na tsorata. Na shiga na tsaya a gaban gadon, kuɓewa baje a kai, mata suna leƙe ta labule suna jiran hukuncin Injiniya. Na ciro mita daga jaka, jar waya a dama, baƙa a hagu, na daɗe a tsaye ina neman inda zan maƙala su.